Kit lens ɗinka 18-55 baya fitar da hoto tar? Ga yadda zaka gwada shi kafin ka sayi wani

Tambayar nan dai ta ƙi ƙarewa. Mutum ya sayi kamara, sabuwa ko ta hannu, ta zo da ɗan lens ɗin nan 18-55mm da ake haɗowa da ita a kwali wanda ake cewa kit lens, ya ɗauki hotuna kwana biyu sai ya dawo yana cewa malam hotona baya fita tar, wayata ma ta fi kamarar nan, wane lens zan saya? Ni kam amsata ɗaya ce kullum, kar ka sayi komai tukuna. Gaskiya ne ance araha bata ado, kuma lens ɗin roba ne har gindinsa inda yake shiga kamara, amma gilashin dake ciki ba na wasa bane, in ka san inda yake da ƙarfi zai baka hoton da zaka buga babba ka rataya ba kunya. Yawancin dishi-dishin da ake ɗora masa laifi daga rawar hannu ne, ko fokas ya sauka inda ba nan ake so ba, ko kuma haske yayi kaɗan. Toh gani ya kori ji, ga yadda zaka gwada naka da kanka, sannan yadda zaka riƙa ɗauka da shi.

Kayan da zaka tanada

Sitand mai ƙafa uku, in babu toh tebur mai ƙarfi da littattafai da zaka ɗora kamarar ya isa. Jarida ko takarda mai ƙananan rubutu, salatif, ɗan ƙaramin madubi, batira guda biyar irin na rimot, bulowa ta hura ƙura, ƙyallen goge gilashi mai laushi, sai kwamfuta ko babban sikirin da zaka duba hotunan. Mafi yawansu suna gida. Bulowa da ƙyalle kaɗai watakila zaka saya, su ne kuma mafi arha a duk kayan hoto.

1. Fara sanin wanne ne a hannunka

Ba duka 18-55 ne iri ɗaya ba duk da sunan ɗaya. Karanta rubutun dake zagaye da bakin lens ɗin. A Canon akwai tsohon farko da ya fito tare da 300D a 2003 wanda bashi da IS, wato abin rage rawar hannu, wannan kam shi ya ɓata wa kit lens suna. Mai IS ya zo a 2007 ya fi shi nesa ba kusa ba, mai STM, wato injin fokas mara ƙara, ya zo a 2013. A Nikon akwai AF-S mai VR, wato sunan da su suke kiran IS, da kuma AF-P na 2016 mai saurin fokas ba ƙara. Sony nasu 16-50 ne, Olympus da Panasonic 14-42, Fujifilm kuma suna da XF 18-55 f/2.8-4 wanda shi ajinsa daban, masu shi basu cika kuka ba.

Sai ka duba lambar nan 1:3.5-5.6. Ma'anarta a 18mm ƙofar hasken lens ɗin, afaca kenan, tana buɗewa har f/3.5, amma kana zum zuwa 55mm sai ta tsuke ta koma f/5.6 ba yadda zaka yi. Riƙe wannan, rabin matsalar lens ɗin daga nan take.

Hattara: lens ɗin Nikon AF-P baya aiki da tsofaffin kamarori irin D3100 da D5100, ko fokas na hannu ba zai yi ba. In an haɗo maka su tare a kayan hannu ba lalacewa yayi ba, basu dace bane kawai.

2. Share shi, cire filta

Bulowa da farko, a gaba da baya, sannan ƙyalle. Gilashin baya mai kallon cikin kamara ya fi na gaba muhimmanci, shatin yatsa ɗaya a wurin ya isa ya sa hoto yayi hazo gaba ɗaya. Bayan nan cire lens ɗin ka haska shi da tocilan waya ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai bane, kowane zum yana shaƙar ƙura kuma bata fitowa a hoto. Amma in kaga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashi toh funfuna ce, ita kam tana kashe hoto, kuma ka daina ajiye shi a jaka mai danshi.

In akwai filtar UV a baki, wato siririn gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaban lens, kwance ta kafin gwaji. Filta mai arha tana rage kyan hoto, da dare kuma tana jawo wasu korayen ɗigo kusa da fitilu.

Hattara: kar ka goge da bakin riga ko tishu, kuma kar ka fara da ƙyalle kafin bulowa, ƙwayar yashi ɗaya ce zata karce maka gilashin.

3. Saita kamara

Juya makunnin saman kamara zuwa A a Nikon da Sony, ko Av a Canon, inda kai kake zaɓar afaca, kamara ta zaɓi shota, wato tsawon lokacin da haske yake shiga. ISO, wato yadda kamara take ƙara wa hoto haske, a sa shi 100, a cire shi daga oto. Girman hoto mafi girma, in zaka iya RAW, wato ɗanyen hoton da kamara bata gyara ba, da JPEG tare ya fi. Taima ta sakan 2, ko 10 in sitand ɗin mai rawa ne. Filasha a kashe.

Hattara: kashe IS ko VR tunda kamarar a kafe take, domin wani lokaci in ya rasa rawar da zai gyara shi da kansa yake kawo motsi. A AF-P babu makunni a jikin lens, cikin menu zaka shiga, haka ma Sony. Kuma ka tuna ka maida shi in ka gama, mutane da yawa anan suke mantawa su fita ɗauka da shi a kashe.

4. Gwajin bango

Manna jaridar a bango ta kwanta lif, inda haske mai kyau yake amma ba rana kai tsaye ba. A 55mm ka tsaya kamar mita 2. A 18mm jarida ɗaya ba zata cika hoton ba, sai dai ka manna guntaye biyar, ɗaya a tsakiya huɗu a kusurwoyi, ko ka nemi bangon bulo wanda ba'a shafe ba.

Abin da ya fi komai a wannan matakin shi ne kamara ta kalli bangon sak, in ta ɗan karkace gefe ɗaya zai fito dishi-dishi ka ɗauka lens ne ya lalace alhali kai ka karkata. Anan madubin zai yi aiki, jingina shi a tsakiyar jaridar ya kwanta a bango, ka riƙa matsar da kamara har sai kaga bakin lens ɗinka a cikin madubin daidai tsakiyar hoto, toh ta daidaita, sai ka cire madubin.

Fara a 18mm, kunna Live View, wato kallo ta sikirin ɗin bayan kamara, danna alamar ƙara girma har sau 10, maida lens ɗin MF, wato fokas na hannu, ka murza zoben fokas a hankali har rubutu ya fito tar. Daga nan kar ka ƙara taɓa zoben. Ɗauki hoto a f/3.5, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Koma 35mm, sake fokas, fara daga mafi buɗewar da ya baka ka bi su haka. Koma 55mm, sake fokas, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22.

Hattara: duk sanda ka canza zum sai ka sake fokas, waɗannan lens ɗin basa riƙe fokas in an murza zum. Sannan a tsofaffin, irin Canon IS II da Nikon AF-S VR, kar ka murza zoben fokas da ƙarfi makunni yana kan AF ko A, haƙoran ciki na roba ne zaka iya ɓalla su.

5. Duba sakamako

A kwamfuta zaka duba, a girman 100%, ba a ɗan sikirin ɗin bayan kamara ba, shi komai kyau yake nunawa. Buɗe biyu-biyu gefe da gefe, ka duba tsakiya sannan ka gangara kusurwa.

Ga abin da lafiyayyen kit lens yake yi. A 18mm f/3.5 tsakiya tar take tun daga farko, kusurwoyi ne suke laushi kuma suna ɗan duhu, layukan da suke miƙe a gefen hoto suna kumburowa waje kamar cikin ganga, wani wurin kuma inda baƙi ya haɗu da fari zaka ga ɗan ja-ja ko kore-kore a bakin layi. Duk wannan ba ciwo bane, haka aka ƙera shi. Zuwa f/5.6 duhun kusurwa ya ragu sosai, a f/8 kusan ko ina ya daidaita. A tsakiyar zum, 24 zuwa 35mm, lanƙwasar nan kusan ta ɓace, a ganina nan ne lens ɗin ya fi nutsuwa. A 55mm f/5.6 yawanci nan ne ya fi rauni, rubutun zai fito amma kamar an ɗan shafa masa hazo, kana tsukewa zuwa f/8 sai kaga ya farfaɗo.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne f/16 da f/22. Ana ɗauka ƙara lamba ƙara kyau ne, ina. In ƙofar tayi ƙanƙanta da yawa haske yana watsuwa a bakinta, hoton gaba ɗaya sai yayi laushi, kuma wannan ba ruwansa da tsadar lens, mai tsada ma haka yake yi. A kamara mai megafiksel 24 abin yana fara nunawa tun wajen f/11, zuwa f/22 kam ko ba'a faɗa maka ba zaka gani. Wasu kit lens ɗin suna kaiwa f/36 a 55mm, kar ma ka je can. Ƙari akan haka a f/16 zuwa sama ne duk ƙurar dake kan sensa, wato farantin cikin kamara da hoto yake sauka a kai, take bayyana baƙi-baƙi a sararin sama.

Toh in a f/8 akan sitand rubutun tsakiya ya fito tar, shikenan an wanke lens ɗinka, matsalar tana matakai na gaba.

Hattara: hoton megafiksel 24 faɗinsa 6000 ne a 4000, duba shi a 100% kamar ka buga shi ƙato ka kafa hanci a jiki ne. Ɗan laushin da ka gani a can ƙarshen kusurwa ba wanda zai lura da shi a waya. Kar ka wuce 100%, a 200 ko 300 babu lens ɗin da zai tsira.

6. Gwajin kusurwa huɗu

Wannan shi ke nuna ko gilashin ciki ya goce, abin da ke faruwa in lens ya taɓa faɗuwa, wani ma haka yake fitowa daga kamfani. Nemi abu mai nisa kamar ƙarfen eriya ko allon talla, mita 30 ko fiye. Yi masa fokas a tsakiya, maida MF, buɗe afaca duka, shota mai sauri kamar 1/500. Sai ka ɗauke shi sau huɗu, kowane ɗauka ka ajiye shi a kusurwa ɗaya ta hoton. Kusurwoyin duka zasu yi laushi, ba damuwa, abin dubawa shi ne laushin yazo ɗaya? In uku sun yi kama ɗaya kuma ta narke, ko gefen dama gaba ɗaya ya fi na hagu muni ko a f/8, toh lens ɗin ya goce. Yi a 18mm ka maimaita a 55mm.

In yana da garanti maida shi. In babu, ni bana ba da shawarar gyara, sau da yawa kuɗin gyaran ya kusa na wani na hannu, domin babu lens ɗin da ya kai kit lens yawa a kasuwar kayan hannu.

Hattara: da safe zaka yi. Da tsakar rana zafin da ke tasowa daga ƙasa yana sa abu mai nisa yayi rawa a hoto, sai ka yanke wa lens hukuncin da ba nasa ba.

7. Gwajin fokas

Jera batiran biyar a tebur a karkace, kowanne ya ɗan fi na kusa da shi nisa da kamar santimita 3. Kamara a sitand, nisa kamar mita 1, 55mm, f/5.6, ka maida lens ɗin AF domin kamara tayi fokas da kanta. Zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya na tsakiya ka ɗora akan batir na tsakiya. Ɗauka ta ramin leƙawa sau uku, kowane ɗauka ka fara karkatar da fokas wani wuri tukuna domin ya sake nema. Sannan ɗauka ta Live View.

In na Live View ya kama batirin tsakiya amma na ramin leƙawa kullum na baya ko na gaba yake kamawa, toh ba gilashi bane, na'urar fokas ta kamarar ce bata daidaita da lens ɗin ba. Wannan matsalar DSLR ce, wato kamarori masu madubi a ciki, marasa madubi a kan sensa suke fokas basu cika yin haka ba. Manyan kamarori suna da wurin gyara shi a menu, amma ƙananan irin D3500, D5600 da Canon 2000D basu da shi, sai dai ka riƙa amfani da Live View a hoto mai muhimmanci ko a kai wa masu gyara.

Amma gaskiya wanda ya fi yawa ba wannan bane. Mafi yawan mutane sun bar kamara tana zaɓar ɗigon fokas da kanta, ita kuma abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli take kamawa, sai ta kama kafaɗa ko ganyen dake gaba ta bar fuska. Maida ta ɗigo ɗaya, ka ɗora akan idon da ya fi kusa da kai. A saitin fokas na kamara zaɓi One Shot ko AF-S ga abin dake tsaye, AI Servo ko AF-C ga mai motsi.

Hattara: in cikin ramin leƙawa kake ganin dishi-dishi amma hoton yana fita lafiya, ɗan ƙaramin zoben dake gefen ramin ne ya murɗe, murza shi har lambobin ciki su fito tar.

8. Shota da rawar hannu

Nan ne gidan matsalar, anan nake so ka daɗe. Tunda lens ɗin f/5.6 ne a 55mm, haske kaɗan yake shigarwa, kamara kuma sai ta rama ta hanyar jinkirta shota, kana cikin ɗaki baka sani ba ta sauka 1/15 ko 1/8, ka danna hannunka ya motsa, mutumin ma ya motsa, hoto ya fito kamar an ja shi, sai kace lens ne. Buɗe tsofaffin hotunanka da suka lalace ka duba bayanansu, lambar shota tana nan a rubuce, zaka ga mafi yawansu ƙasa da 1/60 suke.

Ƙa'idar da ake bi: ninka tsawon zum da 1.5, ko 1.6 a Canon, kar shota ta gaza haka. A 55mm wajen 1/100 kenan, a 18mm 1/30. In IS ko VR a kunne yake zaka iya sauka da hawa uku ko ma huɗu, kowane hawa yana raba lambar biyu, ga abin da baya motsi, wato 1/15 a 55mm tana yiwuwa in hannunka a natse yake. Amma fa ka ji wannan da kyau, IS rawar hannunka kawai yake gyarawa, baya tsayar da mutum. Mutum a zaune 1/125, mai tafiya ko mai magana yana wasa da hannu 1/250, yara masu guje-guje 1/500 zuwa sama.

Yadda na fi so a ɗaki: M, inda kai kake saita shota da afaca, shota 1/125, afaca a buɗe duka, ISO a oto da iyaka 3200 ko 6400. Kar kaji tsoron ISO. Hoto mai ɗan yashi-yashi amma fuska tar ana iya gyara shi, wanda ya motsa kam sai dai sharewa.

Riƙon ma da nasa, hannun hagu a ƙarƙashin lens, gwiwar hannu a manne da jiki, ido a ramin leƙawa, ka matsa maɓallin a hankali ba duka ba.

9. In haske yayi kaɗan

Rage zum ka matsa da ƙafa. f/3.5 na 18mm yana shigar da haske ninki biyu da rabi akan f/5.6 na 55mm, wannan ba ƙaramin bambanci bane. Wajen 24mm zaka samu kusan f/4, nan nake tsayawa in ɗaki ba haske. Juya mutum ya fuskanci taga ko ƙofa maimakon ya bata baya.

Hattara: a 18mm kar ka kusanci fuska, hanci zai yi girma kunne ya ƙanƙance, kuma duk wanda ya faɗo a gefen hoto zai baje yayi faɗi. Ajiye mutane a tsakiya. In kuma zaka ɗaga filashar kan kamara cire hular lens, wato zagayayyen abin da ake ɗaurawa a baki ya tare hasken gefe, in ba haka ba zaka ga baƙar inuwa rabin da'ira a ƙasan hoto.

10. Hoton mutum da baya mai laushi

Ana yi da kit lens, ba dai kamar na lens mai buɗewa har f/1.8 ba. Zum har 55mm, f/5.6, matso kamar mita 1 da rabi, daga ƙirji zuwa kai. Sirrin yana nisan bayansa, janye shi daga bango mita 5 ko fiye, in ya jingina da bango babu abin da zai narke ko wane lens ne. A wannan saitin abin da zai fito tar bai wuce kamar santimita 16 ba daga gaba zuwa baya, ya isa fuska, amma in fokas ya sauka a kunne ko kafaɗa ka rasa ido.

In mutane da yawa ne sahu biyu ko uku, koma 24 zuwa 35mm, f/8, fokas akan sahun gaba ko na biyu, ka bar fili a gefe kar kowa ya zauna a kusurwa.

Wani abu da ba'a cika sani ba, kit lens gwani ne a ƙananan kaya. Mafi yawansu suna fokas tun daga santimita 25 zuwa 28, ana aunawa daga alamar da'ira mai layi dake saman kamara ba daga bakin lens ba. A 55mm f/8 zaka ɗauki agogo, zobe ko fure ya cika hoto, 50mm f/1.8 ma bata iya matsowa haka.

11. Fili da gine-gine

18 zuwa 24mm, f/8, ISO 100. A 18mm f/8 in kayi fokas a wajen mita 2 zuwa 3, daga kusan mita 1 da rabi har ƙarshen gani duk zai shiga, ba sai ka je f/22 ba. Gini mai miƙaƙƙun layuka ja baya ka ɗauka a 24 ko 28mm domin rage lanƙwasa.

Hular lens anan take biyan kuɗinta, ita ce abu ɗaya da nake cewa a saya, kit lens kuma yawanci ba'a haɗo shi da ita. Hasken rana in ya bugi gilashin gaba daga gefe kala tana wankewa. Kowane lens da tasa, misali Canon STM f/3.5-5.6 EW-63C yake ɗauka, IS II kuma EW-60C, in ka sa wadda ba tasa ba kusurwoyi zasu yi baƙi a 18mm. In babu hula tare hasken da tafin hannu.

Hattara: kafin sayen filta duba girman baki, Canon EF-S 58mm ne, Nikon AF-S 52mm, AF-P 55mm, Sony 16-50 kuma 40.5mm. A tsofaffin lens ɗin bakin yana juyawa in ana fokas, toh mai amfani da filtar CPL, wadda ake murzawa ta rage ƙyalli, sai yayi fokas tukuna sannan ya murza ta.

12. Gyara da turawa

Lanƙwasa, duhun kusurwa da ja-jan bakin layi duk dannawa ɗaya ke cire su. A cikin kamara kunna gyaran lens a menu domin JPEG. In RAW ne, Digital Photo Professional na Canon da NX Studio na Nikon kyauta ne, darktable da RawTherapee ma kyauta, Lightroom na kuɗi ne, a kowanne nemi wurin gyaran lens ka kunna. Masu Sony 16-50 kar ku firgita in kun buɗe RAW na 16mm a manhajar da bata gyara ba kuka ga ya lanƙwashe sosai kusurwa baƙi ƙirin, da ma an ƙera shi ne da niyyar manhaja ta ƙarasa aikin.

RAW kullum yana fitowa da ɗan laushi da kala a kwance, sai ka ƙara masa kaifi da kanka, wannan ne ma yasa ake ganin waya ta fi, ita tana yin duk wannan gyaran kafin ta nuna maka. Ƙara kaɗan-kaɗan, in ka fara ganin farin zare a bakin abubuwa ka wuce gona da iri.

Hattara: WhatsApp yana matse hoto, ka gama wahala ya isa wurin mai shi a dagule. Tura shi a matsayin fayil ta Document. Na Facebook kuma rage shi da kanka zuwa 2048 a dogon gefe, kala sRGB.

13. In har sai ka sayi wani

Duba hotunanka da ka fi so kaga a wane zum ka ɗauke su. In kullum kana maƙale a 55mm kana jin bai kai ba, dogon zum kake buƙata, 55-250 a Canon, 55-200 ko 70-300 a Nikon, ba wani 18-55 mai tsada ba. In matsalarka duhu ne da son baya mai narkewa, toh f/1.8, tana shigar da haske kusan ninki 10 akan f/5.6, kuma 50mm f/1.8 tana cikin mafi arhar lens a Canon da Nikon duka. Sai dai a ƙaramar sensa 50mm tana matsewa a ɗaki, kafin ka biya kafe zum ɗinka a 50 ka yini da shi haka, wata rana ka kafe a 35, wanda bai takura ka ba shi zaka saya. Nikon suna da 35mm f/1.8G DX, Canon suna da 24mm f/2.8 STM ɗan siriri. Mai son zum da haske tare sai 17-50 f/2.8 na Sigma ko Tamron, ya fi waɗancan tsada da nauyi, kuma a f/8 da rana da wuya ka bambance hotonsa da na kit ɗinka.

Hattara: mai Nikon D3000 zuwa D3500 ko D5000 zuwa D5600 kar arha ta ja ka ga 50mm f/1.8D, wadda ke da D a ƙarshe. Ita bata da injin fokas a ciki, kamarar taka ma bata da shi, da hannu zaka riƙa murzawa. Mai G, wato AF-S 50mm f/1.8G, ita zaka nema, kuma ko ita in ta iso ka maida ta kan matakai na 4, 6 da 7 tun garanti bai ƙare ba.